Ƙwan wata, cikin wata: tallar Turai da tambayar da ta bar wa zawarawan Damagaram

Ranar sunan ɗiyar ƙanena a unguwar Birni da ke Damagaram, bayan maza sun watse mata sun koma rumfa, ƴar gwaggona ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa. Shekarunta 44, malamar makaranta ce. Aure biyu ta yi, kuma rashin haihuwa ne ya kashe duka biyun. Ta miƙo mini wayarta. Talla ce da Faransanci, wata ƙawarta da ke zaune a Faransa ta turo mata ta WhatsApp: wani asibiti a Sifaniya, hoton mace rungume da jariri, an rubuta cewa marar aure ma za ta iya haihuwa ko shekarunta sun ja, da ƙwan da wata mace ta bayar.

Ta ce, "Ke da kike karance-karance, gaya mini tsakani da Allah. Abin nan yana yiwuwa?"

Na ce, "Yaya, yiwuwa kam yana yiwuwa." Ban iya ƙara komai ba, don a tsakar gida ana ta guɗa, ita kuma idonta ya cika da ƙwalla. Amsar da ta kamata ta fi ƙarfin ɗaki mai turarriyar ƙofa a gidan suna, shi ya sa nake rubuta ta a nan, domin ba ita kaɗai ce wannan talla ke shigo wa waya ba.

Ɗiya mace da ƙwanta ake haihuwarta, kimanin miliyan 1 zuwa 2, kuma ba ta ƙara yin sabo. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000. Daga shekara 35 yawansu da ingancinsu suna sauka da sauri, bayan 40 saukar takan yi tsanani, har ya zama a shekara 44 ko 45 samun ciki mai ɗorewa da ƙwan mace na kanta abu ne mai wuyar gaske, ko da taimakon likita. Mahaifa kuwa ba ta tsufa da wannan saurin. Mace ko ta daina al'ada, in aka shirya mahaifarta da magani, tana iya riƙe ciki. A kan wannan bambanci aka gina sana'ar duka. Dashen ciki, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin awo sannan a saka a mahaifa, wanda likitocinmu masu karatun Faransanci ke kira FIV, ya fara ne da haihuwar Louise Brown a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978, da ƙwan uwarta da maniyyin ubanta. Tsakanin 1983 da 1984 likitoci a Ostireliya da Amurka suka nuna cewa ƙwan ma ba dole ya zama na mai ɗaukar cikin ba.

Yadda ake yi shi ne a samo yarinya mai lafiya, galibi ƙasa da shekara 35. Za ta yi kwana 10 zuwa 12 tana shan allura don ƙwai da yawa su nuna lokaci guda, maimakon guda ɗaya na kowane wata. Sai a ba ta maganin barci, a zuƙo su da doguwar allura ta gaba. A ɗakin awo a haɗa su da maniyyi, a yi renonsu kwana 3 ko 5, a ɗauki ɗan tayi ɗaya a saka a mahaifar mai nema, wadda ita ma ta yi makonni tana shan maganin da ke kauraro shimfiɗar mahaifa. Bayan kamar mako 2 a auna jini. Sa'ar kamawa tana bin shekarun mai ƙwan ne, ba na mai ɗauka ba, shi ya sa alƙaluman talla suke da kyau. Sai dai masu talla sun fi son faɗin yawan waɗanda awo ya nuna sun ɗauka, ko su tara sakamakon gwaji uku su ba da jimilla. In aka ƙirga jaririn da aka haifa da rai a dashe ɗaya, ko a asibitocin da suka ƙware ba kasafai yake wuce rabi ba. Wadda ta tafi da kuɗin gwaji ɗaya tak, to ta san komawa hannu rabbana yana cikin lissafi.

Ga kuma abin da hoton mace da jariri ya ɓoye. Marar aure ba ƙwai kaɗai take buƙata ba, tana buƙatar maniyyi, shi ma na wani baƙo daga ma'ajiya. Ƙwan wata, maniyyin wani. Ɗan da za ta haifa ba zai gaji kama ko jini daga gare ta ba, ba kuma daga wani da ta taɓa gani. Cikin nata ne, naƙuda tata ce, nono nata ne, kuma ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma wadda take fatan ta ga goshin mahaifinta ko wushiryar kakarta a fuskar ɗanta, ba wannan aikin zai ba ta ba. Wannan aiki ba ya warkar da rashin haihuwarta, kewaye shi yake yi.

Me ya sa Sifaniya? Dokar ƙasar ta 2006 ta ba kowace mace da ta kai shekara 18 damar yin dashe, da aure ko babu, ta kuma ɓoye sunan mai bayarwa. Shi ya sa ta zama babbar kasuwar ƙwan kyauta a Turai, kuma asibitocinta sukan karɓi mace har wajen shekara 50. Girka ma tana karɓar marar aure, kuma a 2022 ta ɗaga iyakar shekaru zuwa 54. Jamhuriyar Cek tana da araha amma sai mace ta zo da namiji. Jamus ta haramta ba da ƙwai gaba ɗaya. Faransa sai a dokar 2 ga Agusta, 2021 ta buɗe wa marasa aure ƙofa, kuma layin jira ya yi tsawo, musamman ga baƙar fata, don masu bayarwa baƙaƙe ba su da yawa. Wannan ƙarancin yana nan a Sifaniya ma, inda doka ta ce a nemo mai bayarwa da ta fi kama da mai karɓa. Ƙasashen da mutanenmu suka saba zuwa neman magani kuwa, Tunisiya da Maroko da Masar da Turkiyya, duka suna yin dashe amma ga ma'aurata kawai, da ƙwan matar da maniyyin mijin. Turkiyya a 2010 har hana ƴan ƙasarta ta yi su fita waje neman ƙwai ko maniyyin wani.

Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Gwaji ɗaya da ƙwan kyauta a Sifaniya yakan tashi wajen yuro 6,000 zuwa 9,000, wato kusan sefa miliyan 4 zuwa miliyan 6, ban da maniyyi da magani da jirgi da masauki. A Nijar, inda mafi ƙarancin albashi yake sefa 42,000 a wata, miliyan 4 albashin kusan shekara 8 ne ba a ci ba a sha ba. Sai biza, ga tafiyar kilomita wajen 900 zuwa Yamai, ga ofishin jakadancin Faransa a rufe tun farkon 2024. Saboda haka mafi yawan waɗanda za su gwada daga nan, ba Turai za su ba. Kudu za su yi, Kano ko Abuja ko Legas. Najeriya ta daɗe da iya aikin, tun 1998 aka haifi jaririyar dashe a Abuja ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada, kuma akwai ƙwararru na gaske. Amma babu cikakkiyar dokar tarayya da ta tsara wa zai bayar, sau nawa, wa ke riƙe da rajista. Inda babu rajista, amana ce kaɗai jarin mai nema. Mu a Nijar ba mu manta da shari'ar jariran nan da ta ɓarke a 2014 ba, lokacin da aka tuhumi matan manya da cewa sun je Najeriya sun dawo da jariran da ba su suka haifa ba. Duk yadda mutum ya kalli siyasar da ta dabaibaye shari'ar, ta nuna iyakar inda ƙishin haihuwa ke kai mace, ta kuma nuna akwai masu jiran wannan ƙishi su ci da shi.

Ita mai ba da ƙwan ba a sa hotonta a talla. A Sifaniya ana ba ta wajen yuro 1,000 da sunan ladan wahala. A biranen Najeriya galibi ɗalibai ne da ƴan matan da talauci ya matsa. Allurar tana iya kumbura gidan ƙwai ta tara ruwa a ciki har a kwantar da yarinya, kuma wadda take bayarwa a ɓoye ba ta da wanda za ta gaya wa in ciwo ya tashi cikin dare. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Ba na son a share hawayen yayata da lafiyar ɗiyar wani.

A ce an dace, ciki ya kama, ta dawo gida. Saboda ba jikinta ne ya saki ƙwan ba, dole ta ci gaba da sa maganin riƙe ciki kullum har mako 10 zuwa 12. In ya yanke, cikin yana iya zubewa. Wani nau'insa na matsi ne mai narkewa da zafi, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu ya wuce digiri 40, wuta kuma sai ta ga dama. Cikin ƙwan kyauta ya fi saurin jawo hawan jinin masu ciki, wanda in ya ƙazanta yake kai wa ga jijjiga, ga kuma shekaru da ke ƙara haɗarin ciwon suga da tiyata. In asibiti ya saka ɗan tayi biyu don ya ƙara sa'a, tagwaye a shekara 45 suna zuwa da haɗarin bakwaini. Likitan da ya yi dashen yana can bayan teku, aikinsa ya ƙare ranar da awo ya nuna ciki. Sauran wata 8 ɗin a nan za a yi su, a hannun ungozomar da wataƙila ba a ma gaya mata yadda aka samu cikin ba, don ana ɓoyewa.

Ɓoyewar nan ita ce zuciyar maganar a garinmu. Malaman Sunna sun daɗe da yanke hukunci. A 1980 muftin Masar na lokacin, Shehu Jadul Haƙ, wanda daga baya ya zama Shehun Azhar, ya halatta dashe tsakanin miji da matarsa ya kuma haramta shigowar na uku. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Amman a Oktoban 1986. Akwai wani abu da ya faru a tsakani da ya shafe mu ƙwarai, mu masu zaman kishi. A 1984 majalisar fiƙihu ta Makka ta amince a ɗauki ƙwan mace a haɗa da maniyyin mijinta a saka a mahaifar kishiyarta, tunda mijin ɗaya ne. Shekara guda bayan nan, a 1985, ta janye, don gudun rikicewar sanin wace ce uwa. To in tsakanin kishiyoyi, a gida ɗaya, ƙarƙashin igiyar aure ɗaya, malamai sun ja da baya, ina ga ƙwan baƙuwa da maniyyin baƙo babu aure sam? Iran ce ta bambanta, inda Ayatullahi Khamenei ya ba da fatawar halatta ƙwan kyauta a 1999, amma dokar ƙasar ta 2003 kan ba da ɗan tayi ma'aurata ta nufa.

Dalilin malamai nasaba ne. Aure ke tabbatar da uba. Uwa kuwa, kafin zamanin nan, ba a taɓa tambayar wace ce ita ba, don mai ƙwai da mai naƙuda mutum ɗaya ce. Yanzu an raba su. Wasu malamai sun riƙe aya ta 2 ta Suratul Mujadala, cewa iyaye mata su ne waɗanda suka haifa, wasu suka ce asalin halitta daga mai ƙwan yake. Wannan saɓani ba na littafi kaɗai ba ne. A Nijar ba mu da kundin dokar iyali guda, al'ada da fiƙihun Malikiyya ne ke raba gado da ɗaura aure. Ranar suna wa zai sayi rago, da sunan wa liman zai haɗa sunan yaron? In mace ce, wa zai yi mata walicci? In uwar ta rasu ta bar fili a unguwar Zango, ƴan uwanta za su yarda a raba da yaron da suka ji labarin asalinsa? A takardar haihuwa gurbin uba zai zauna wayam, kuma a makarantar allo yara ba sa ɓoye abin da suka ji a gidajensu. Mun san kalmar da za su kira shi da ita.

Saboda haka duk hanyar dawowa da irin wannan ciki Damagaram ƙarya ce ke share ta. Bazawara ta ce kwantacce ne ya tashi, ta jingina wa tsohon miji ɗan da ba nasa ba. Ko a ƙulla auren suna kawai da wani don a rufa asiri. Ko ta zauna a Kano har ta haihu, ta dawo ta ce ɗan riƙo ne, ta yi rayuwarta tana musun ɗan da ta yi naƙudarsa. Kowacce aka zaɓa, yaron ne zai girma a kanta. Turawan da suka fara wannan aiki su ma sun gano nauyin ɓoyewar, daga bakin yaran da suka girma suna neman asalinsu. Ingila ta soke ɓoye sunan mai bayarwa tun Afrilun 2005, Faransa ta bi a dokar 2021, yaro in ya kai 18 yana da haƙƙin sani. Al'ummar da ba ta kai mu damuwa da dangantaka ba ta ga cewa ɗa yana son sanin daga ina ya fito, balle mu da in an ga yaro tambayar farko ita ce ɗan gidan wa ne.

Ra'ayina ke nan, kuma na gaya wa yayata shi ido da ido: ban ga alherinta a wannan hanya ba. Amma zan yi rashin adalci in na tsaya a nan, kamar yadda masu wa'azi da yawa ke tsayawa a kan haramun ne su naɗe tabarma. Me ya kai mace mai hankali, mai sallah, ta yi tunanin sayar da filinta don cikin da za ta ɓoye? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, jihar Damagaram ma ta haura 8. A irin wannan wuri, marar ɗa ba ta da inda za ta sa kanta. Ana ce mata juya. Kishiya ta yi mata gori da habaici, uwar miji ta ƙirga mata shekaru, a gidan biki a ce kada ta ɗauki jariri da yawa. In ta tsufa ba ta da mai kawo mata ruwa, in mijin ya mutu rabonta kaɗan ne, ɗakin ma sai ƴaƴan kishiya sun ga dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata. Mu a nan mace kaɗai muke ɗora wa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da yawa daga waɗannan mata ba da matsalar ƙwai suka fara ba. A ƙasashenmu babban abin da ke hana mace ciki shi ne toshewar hanyar ƙwai, daga ciwon sanyin da ba a yi magani ba, ko ƙwayar cuta bayan ɓari ko haihuwar da ba a tsabtace ba, wani lokaci ma mijin ne ya kawo cutar gida. Ga ƙarin mahaifa. Ga kuma namiji, wanda a kusan rabin ma'auratan da ba sa haihuwa yana da hannu a matsalar. Mace mai shekara 26 da hanyarta ta toshe, ƙwanta lafiyayye ne. Ita ce ainihin wadda aka ƙirƙiro dashe dominta, da ƙwanta da maniyyin mijinta, abin da malamai suka halatta tun 1980. Amma sai a yi shekara 10 ana sassaƙe da turare da rubutu, ana zuwa wurin mai magani a ƙauye, miji ya ƙi zuwa awon maniyyi wanda ba ya ɗaukar wuni guda, ya ƙaro ta biyu, ya ƙaro ta uku. Ran da za ta ga likitan mata na gaske, an sake ta, shekara 42, ƙwai ya ƙare. Addu'a ba ta hana awo. Hakan aka yi wa yayata. Mijinta na farko ya auri mata 3 bayanta, babu wadda ta ko yi ɓari, kuma har yau ban ji wanda ya kira shi da wani suna ba.

Ga waɗanda karatu ko rashin dace ya jinkirta musu aure, akwai daskarar da ƙwan mace na kanta tun da sauran ƙuruciya, wanda cibiyar fatawa ta Masar ta halatta a 2019 da sharaɗin ba za a haɗa shi sai da maniyyin mijinta cikin aure ba. Yana da tsada, kuma ba tabbas ba ne, amma ya kamata ƴan matanmu su san da shi tun suna 30, ba sai 44 ba.

Sai riƙo, wanda muke da shi tun kafin a san Sifaniya. Ɗa na kowa ne, in ji mutanen da, kuma gidajen Birni cike suke da waɗanda gwaggo ko inna ta raina. Shari'a ta hana a canza wa yaro uba, amma ba ta hana a raine shi ba, ta ma kwaɗaitar da riƙon maraya. Mace tana iya yi masa kyauta tana raye, ta yi masa wasiyya har sulusin dukiyarta. Likitoci suna iya taimaka wa wadda ba ta haihu ba nono ya zo mata, in ta shayar da shi kafin ya cika shekara 2 ya zama muharraminta. Matsalar riƙonmu ita ce rashin tabbas: ki yi wahalar yarinya shekara 12, ran da ta isa aike uban ya aiko a maido ta. Da iyalai za su riƙa ba da riƙo da alkawari a gaban shaidu, da limamai za su yi huɗuba a kan gorin haihuwa kamar yadda suke yi a kan sauran zunubai, da tallar nan ba ta sami inda za ta kama a zuciyar mata ba.

Yayata ba ta goge tallar daga wayarta ba, ni ma ban ce ta goge ba. Amma bayan sallar layya ta kira ni. Ƙanwarta, mai shekara 25, ta cika shekara 3 a ɗaki shiru, an fara yi mata jiƙe-jiƙe. Yaya ta ɗauke ta da kuɗinta ta kai ta wurin likitan mata, aka yi eko, wato hoton cikin mahaifa, aka yi hoton hanyar ƙwai, aka ce komai lafiya, saura mijin. Ta same shi har shago, ta ce, "Malam, don girman Allah, wuni ɗaya ne, ni zan biya." Ya ce zai duba. Wata 4 ke nan, bai je ba, ita kuma duk Juma'a sai ta bi ta shagon ta gaishe shi ta sake tuna masa.